Shayarwa kaɗai za ta hana ni kwanika?

'Yar'uwa daga wani ƙauye kusa da Ringim, kin ce jaririnki yana da wata 4, kina tsoron kwanika, kuma surukarki ta ce allurar tazarar haihuwa tana busar da nono.

Shayarwa tana hana ciki, amma da sharaɗi uku: yaro bai kai wata 6 ba, al'adarki ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana. In ukun sun cika, kariyar tana kai kashi 98 cikin 100. To, a nan ake yawan tuntuɓe, don a gidajenmu da wuya yaro ya yi arba'in ba a ɗura masa ruwa ko koko ba, musamman da bazara. Da tsotso ya ragu, ƙwai na iya fita tun kafin ki ga jini.

Maganar surukar taki kuwa akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ba allura ba ce. Ƙwayar tazarar haihuwa ta sha da ke ɗauke da sinadarin istirojin ita ke iya rage ruwan nono, shi ya sa ake jinkirta ta sai yaro ya cika wata 6. Allurar wata uku, ashanar hannu da robar mahaifa ba sa hana nono zuwa.

Ni abin da ya fi damuna, da mace ta ga ciki sai a yi wa yaro yayen dole, wai nonon ciki guba ne. Ba guba ba ne. Ranar rigakafin yaron ki tafi da maigida, ku yi magana da ungozomar asibiti tare.