Tambaya da Amsa: Zaɓen Bawul da Na'urar da Ke Juya Shi a Masana'antu

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar duk sun shafi bawul-bawul na masana'antu ne, da kuma akcuweta, wato na'urar da ke buɗe bawul ko rufe shi ba tare da mutum ya sa hannu ba. Mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su sami wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina aikin gyara a wata matatar ruwan sha. Muna da bawul mai ƙyaure a kan babban bututun da ke cika tanki, kuma mukan buɗe shi rabi domin rage gudun ruwa. Ba a jimawa sai ya fara rawa yana ƙara, idan an rufe shi kuma ya riƙa yoyo. Mun canza shi, sabon ma ya bi sahun tsohon. Shin kayan ne ba su da inganci?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ina ganin kayan ba su da laifi, aikin da aka ba su ne ba nasu ba. Bawul mai ƙyaure an ƙera shi ne domin ya tsaya a ɗayan wuri biyu: ko a buɗe gaba ɗaya, ko a rufe ruf. Idan ƙyauren ya hau sama duka, ruwa yana wucewa miƙe ba tare da ya rasa matsi mai yawa ba, kuma wannan ita ce babbar fa'idarsa. Amma da zarar an tsayar da shi a tsakiya, ruwan yakan matsu ta ƙaramar kafa da gudu mai tsanani, yana bugun ƙyauren da ke rataye ba tare da madogara ba, yana kuma cin gefen mazaunin da ƙyauren ke sauka a kai. Idan kuka kwance tsohon bawul ɗin kuka duba mazaunin da kyau, za ku ga siraran tsagi a jikin ƙarfen, kuma ta nan ne yoyon ke bi.

Bawul ɗin da ya dace da rage gudu shi ne mai toshi, wanda ake kira gulob. A cikinsa ruwa yana lanƙwasa ne ya bi ta wani rami mai da'ira, toshin kuma yana sauka a kan ramin kai tsaye, saboda haka kowane juyi na sitiyarin yana ƙara ko rage kafar a hankali. Ladan wannan iko shi ne asarar matsi, domin ko a buɗe yake duka yana tauye ruwa fiye da mai ƙyaure. A kula kuma da kibiyar da ke jikinsa, domin ba a ɗaura shi ta kowace fuska. Idan bututun naku babba ne ƙwarai, gulob zai yi nauyi da girma, sai a koma ga bawul mai faifai, wanda kwatan juyi kawai yake yi, kuma yana daidaita gudu yadda ya kamata idan faifan na tsakanin kusan digiri 30 zuwa 70 a buɗe. Shi kuwa bawul mai ƙwallo gwani ne wajen rufewa ruf da sauri, amma mazauninsa mai laushi ne, ba ya jure a bar shi rabi a buɗe na tsawon lokaci, sai fa irin wanda aka yanka ramin ƙwallonsa da siffar V musamman domin wannan aiki.

Shawarata ita ce kada ku cire mai ƙyauren. Ku bar shi a matsayin na datse layi idan za a yi gyara, sannan ku ƙara na daidaita gudu a gabansa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, za mu sa wa wasu bawul-bawul akcuweta a sashen da muke dafa sinadarai da tururi. Wasu daga cikinmu sun ce mai aiki da iska, wasu sun ce mai lantarki. Wanne ya fi?

Amsa: Kafin a yi gardamar iska da lantarki, akwai tambayar da nake so kowane bawul a amsa masa ita shi kaɗai: idan wuta ta ɗauke, ko injin matsa iska ya tsaya, ko wayar umarni ta tsinke, a wane hali ake so a tarar da wannan bawul? Wanda ke kai tururi cikin tukunya ya kamata ya rufe da kansa, domin kada zafi ya ci gaba da hawa babu mai lura. Wanda ke kai ruwan sanyaya kuwa ya kamata ya buɗe da kansa, saboda dalili guda ɗin. Wannan al'amari ne na ran ma'aikata, kuma ina ganin kuskure ne babba a bar wa mai sayar da kaya ya yanke shi, alhali bai san abin da ke cikin tukunyar ba.

A nan ne akcuweta mai iska ta yi fice. Irin wadda ke da sifirin a ciki, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai komawa yadda yake idan an sake shi, iska ce ke tura ta gefe guda tana danne sifirin ɗin, da zarar iskar ta yanke sai sifirin ya mayar da bawul inda aka tsara masa, ba ya jiran umarnin kowa. Tana da sauri, tana jure buɗewa da rufewa sau da yawa, kuma ba ta da injin lantarki a jikinta, wanda hakan ke rage fargabar tartsatsi a inda ake da gas ko tururin mai. Sai dai tana buƙatar iska mai tsabta, busasshiya, yawanci a matsin bar 5 zuwa 7 (bar ma'aunin matsi ne), kuma yawancin matsalolin da ake ɗora mata daga ruwa da dattin da ke cikin layin iska suke fitowa. Akwai kuma mai ɗaukar iska ta fuska biyu, wadda ba ta da sifirin; ita ƙarama ce a jiki, amma ba ta da inda take komawa da kanta.

Mai lantarki tana amfani da ƙaramin inji da giya, kuma ita ce ta dace da wurin da babu layin iska, ko bawul ɗin da ke nesa, ko mai ƙyaure da ke buƙatar juyi da yawa. Tana tsayawa daidai inda aka ce, amma tana da nawa, kuma idan wuta ta ɗauke a inda take nan take zama, sai dai idan an saya mata batir ko sifirin na musamman. Idan za a kafa ta a wurin da abu ke iya kamawa da wuta, dole ta kasance mai shaidar ATEX ko IECEx da ta dace da wurin, wato shaidar cewa an amince da na'ura ta yi aiki a inda ake fargabar fashewa. Idan a waje ne ko inda ruwa ke taruwa, a nemi mai kariyar IP67 ko IP68, wato matakan kariya daga shigar ƙura da ruwa. Ta uku ita ce mai aiki da matsin mai, wadda ake ajiye wa manyan bawul-bawul na bututun mai da madatsun ruwa, inda ƙarfin da ake bukata ya wuce na sauran biyun.

Ga sashe irin naku, idan kuna da iska mai kyau, ni mai iska da sifirin zan zaɓa. Ko wacce kuka ɗauka, ku karɓi adadin ƙarfin murɗawa da bawul ɗin ke bukata daga wanda ya ƙera shi, ku ƙara kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari a kai, domin bawul ɗin da ya daɗe a rufe yakan ƙi motsi da farko. Ku yi lissafin da mafi ƙarancin matsin iskar da kuke samu, ba wanda ke rubuce a jikin kwamfiresa, wato injin matsa iska, ba. Idan bawul ɗin mai kwatan juyi ne, ku kuma tabbatar mahaɗinsa da na akcuweta sun bi ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 5211, domin su hau juna ba tare da ƙere-ƙere ba.

Tambaya: Na ga an rubuta 150 a jikin wani bawul, wani kuma PN16. Shin 150 ɗin shi ne iyakar matsin da zai ɗauka?

Amsa: A'a, 150 sunan aji ne a tsarin Amurka na ASME B16.34, inda ake da aji 150, 300, 600, 900, 1500 da 2500. Matsin da kowane aji ke ɗauka ya danganta da irin ƙarfen da kuma zafin abin da ke gudana. Bawul na aji 150 da aka yi da ƙarfen kabon na yau da kullum yana ɗaukar bar 19.6 a digiri 38 na ma'aunin salshiyos, amma a digiri 200 ya sauko zuwa bar 13.8, a digiri 400 kuwa bar 6.5 kacal. PN16 na tsarin Turai ne, yana nufin bar 16 a zafin ɗaki, shi ma yana raguwa idan zafi ya hau. Ramukan kusoshin tsarin biyu ba su cika dacewa da juna ba, don haka a duba kafin a saya.

Abin da aka fi mantawa shi ne, sau da yawa robar da ke ciki ce ke gazawa kafin ƙarfe. Robar EPDM tana zaman lafiya da ruwa, amma mai yana kumbura ta ya lalata ta. NBR ita ce ta mai. PTFE kuma tana jure yawancin sinadarai, sai dai daga wajen digiri 200 zuwa sama ba a dogara da ita, a nan sai mazaunin ƙarfe. Idan ruwan na da gishiri, ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316 ya fi mai lamba 304 juriya saboda sinadarin molibdenum da ke cikinsa.

Tambaya: Bututunmu DN80 ne, wato mai faɗin kusan milimita 80, sai muka sayi bawul na daidaita gudu DN80. Yanzu kullum yana kai da komo, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mene ne dalili?

Amsa: Alamu sun nuna ya yi muku girma. Bawul na daidaita gudu ba da faɗin bututu ake auna shi ba, da wani adadi ne da ake kira Kv, wanda ke nufin yawan kubik mitar ruwa da za ta wuce cikinsa a awa ɗaya idan bambancin matsin gabansa da bayansa bar 1 ne. Ana samun Kv na ruwa ta hanyar raba yawan gudun da tushen murabba'in bambancin matsin. A ce kuna bukatar kubik mita 30 a awa, matsin shiga bar 6, na fita bar 2: bambancin 4 ne, tushensa 2, saboda haka Kv 15 kuke nema. Gulob na DN80 kuwa yakan kai Kv 100 ko kusa da haka, wato kenan aikinsa duka a bakin mazauni yake yin sa, inda ɗan motsi kaɗan ke sauya gudu da yawa, sai na'urar sarrafawa ta yi ta gyara abin da ta gyara. Bawul na DN40 mai Kv kusan 25, da mahaɗan rage faɗi gaba da baya, zai fi muku natsuwa, domin ana so aikin yau da kullum ya faɗa tsakanin kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari na buɗewa. Idan takardar kayan Cv ta rubuta, wato takwaran Kv a ma'aunin Amurka, a raba shi da 1.16 a sami Kv.

Idan kuma kuna jin ƙara kamar tsakuwa na gudu a cikin bututun, wannan wata matsala ce daban: matsi ya faɗi ƙwarai a cikin bawul har ruwa ya yi kumfar tururi, kumfar kuma tana fashewa a jikin ƙarfe tana fafe shi. Maganinta shi ne a raba saukar matsin hawa-hawa, ko da bawul mai matakai a ciki ko da bawul biyu a jere.

Tambaya: Tun da muka sa akcuweta mai sauri, duk lokacin da bawul ya rufe sai bututu ya yi gwaram ya girgiza. Akwai haɗari?

Amsa: Akwai, kuma kada a yi jinkirin gyara. Ruwan da ke gudu a bututun ƙarfe idan aka tsayar da shi farat ɗaya, kowace mita ɗaya a daƙiƙa ta gudunsa tana iya ƙara matsi da kusan bar 10 zuwa 12, wanda ya isa ya fasa gasket, wato abin da ake sawa tsakanin mahaɗai don hana yoyo, ko ya tsaga mahaɗi. A rage saurin rufewar ta hanyar matse kafar fitar iskar akcuweta, a kuma duba bawul mai hana ruwa komawa baya da ke bakin famfo, domin shi ma yakan buga da ƙarfi idan famfo ya tsaya.

Tambaya: Allon ɗakin sarrafawa ya nuna bawul a rufe yake, amma mun tarar ruwa na wucewa. Ta yaya hakan ke faruwa?

Amsa: Ku binciki abin da fitilar allon ke karantawa, domin a wurare da dama umarnin da aka aika take nunawa, ba matsayin bawul ɗin ba. Irin wannan ne ya tsananta haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania ta Amurka ranar 28 ga Maris, 1979, lokacin da bawul mai sakin matsi ya maƙale a buɗe sama da awa biyu, ruwan sanyaya yana zuba, alhali fitilar da ma'aikata ke kallo tana nuna cewa an riga an ba shi umarnin rufewa. A ɗaura makunnan iyaka, wato makunnan da ke aika sigina idan bawul ya kai ƙarshen tafiyarsa, a kan sandar bawul ɗin kanta, ɗaya na buɗewa ɗaya na rufewa, idan kuma na daidaita gudu ne a sa masa na'urar da ke mayar da rahoton matsayinsa ta siginar miliamfiya 4 zuwa 20. Ko da hakan, sanda na iya juyawa alhali fil ɗin da ya haɗa ta da faifai ya karye, ko wani datti ya tokare mazauni, saboda haka a gwada rahoton da ma'aunin gudu ko na matsi da ke gaban bawul ɗin. Bawul-bawul na gaggawa da kan yi watanni ba su motsa ba kuwa, a sa su cikin jadawalin gwaji, ana motsa su kaɗan ana mayarwa, ana kuma rubuta tsawon lokacin da kowanne ya ɗauka.