Ruwan zafi ya zubo wa yarona, kakarsa ta shafa masa makilin da ɗanyen ƙwai

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min. Yarona ɗan shekara ɗaya da wata huɗu ne, shekaranjiya da safe na sauke ruwan wanka na juya ɗauko bokiti sai kawai naji ya tsala ihu, ashe ya jawo tukunyar ruwan ya zubo masa a cinya har gwiwa. Kakarsa ta shafa masa makilin da ɗanyen ƙwai, yanzu wajen yayi bororo. Wasu sunce in fasa wasu sunce in bari. Ya zanyi, kuma ya zan kiyaye gaba tunda sanyi ya shigo? Daga wata uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, sannu Maman yaro, Allah ya bashi lafiya. Kar ki fasa bororon nan, fatar dake samansa ita ke tare datti, kina fasawa da allura ko reza kin buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa. Kuma yau ɗin nan ki kaishi asibiti, ba kemis ba. Ki duba tafin hannunsa haɗe da yatsu, wannan kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa, toh duk ƙunar da ta fi tafin hannun yaro girma, ko ta taɓa fuska, hannu, al'aura ko gaɓa irin gwiwa, ta wuce a zauna da ita a gida, naki kuwa ya haɗa biyu. Ƙuna a kan gaɓa in ta warke ba kulawa fatar na tattarewa ta ɗaure, sai kiga yaro baya iya miƙe ƙafa. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, ga Plateau Specialist, ga Jankwano, wanda ya fi miki kusa. Ki tafi da katin rigakafinsa saboda maganar tetanus.

Abinda ya kamata ayi a ranar shi nafi so mu tsaya a kai, domin anan ake ɓata abin. Ruwa ne maganin farko, ruwan famfo ko na randa, a dinga kwarara shi akan wajen har minti 20, kina duba agogo, ba ɗan yayyafi na minti biyu ba. Dalili kuwa ko an ɗauke ruwan zafin, zafin da ya shiga naman yana cigaba da dafa shi daga ciki. Ko an makara, indai ba'a wuce awa 3 ba ruwan yana da amfani. Banda ƙanƙara, tana ƙara kashe fatar. A cire wando da famfas nan take saboda suna riƙe zafi, amma in yadi ya manne da fata a barshi kar a fizge. Sai kuma abinda ya shafe mu mu 'yan Jos: a watan Disamba da Janairu in kika tsoma ƙaramin yaro gaba ɗaya a ruwan sanyi zaki iya jawo masa wata matsalar, jikinsa ya sandare. Wajen ƙunar kaɗai zaki zuba wa, sauran jikin a lulluɓe da bargo. Kin gama ki rufe da tsumma mai tsafta wanda baya gashi, banda auduga, ki bashi parasitamol na yara daidai nauyinsa, sai asibiti.

Kaka kam da kyakkyawar niyya tayi, kar ki riƙe ta a rai, haka suka taso suka gani. Makilin yana da ɗan sanyi-sanyi a fata shi yasa ake ganin kamar yana aiki, amma bushewa yake ya toshe wajen, ɗanyen ƙwai kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Manja, gishiri, toka, baƙin man inji, duk ana zuwa mana dasu. Wallahi wankin da ake wa yaro kafin a kankare waɗannan abubuwan daga kan ɗanyen ciwo yafi komai sa uwa kuka. Har shuɗin maganin nan da ake kira jibi (GV) bana so a shafa kafin a zo, yana rufe launin ciwon mu kasa gane zurfinsa.

Maganar kiyayewa, yaro mai shekarun naki tafiya yake koya, duk abinda ya gani sai ya dafa ya miƙe, kuma fatarsa ta fi taki siranta sosai, ruwan da ke zaki ce kai da zafi shi saɓule masa fata zaiyi. In zaki sirka ruwan wanka ki fara zuba na sanyi a bahon kafin ki kawo na zafi, ki gwada da gwiwar hannunki. Ki goya shi ko ki miƙa wa wani kafin ki sauke tukunya, kuma tukunyar kar ta sauka a ƙasa ko na minti ɗaya. Bokitin da aka jefa wa hita a tsakar ɗaki, filas a gefen katifa, kofin shayi a bakin tebur wanda ko bayan minti 15 da haɗawa yana iya ƙona yaro, dutsen guga da aka jingine ya huce, waɗannan ne muke gani kullum. Risho da kurfoti a ɗaga su ko a kare wajen da benci.

Kaskon gawayi da ake shiga dashi ɗaki don ɗumi kuwa banda ƙuna yana fitar da iskar guba marar wari, a rufe ƙofa da taga a kwanta, da safe a tarar da mutane a sume ko ma sun rasu. Kar ya kwana a ɗaki.

Kafin ku isa asibitin ki cigaba da bashi nono da ruwa sosai, ƙuna na zuƙe ruwan jiki. In kinga zazzaɓi, ko wajen ya fara wari ko ruwa mai launi, ko fitsarinsa ya ragu, ko yayi laushi ya ƙi cin abinci, kar ki jira gari ya waye, ko tsakar dare ne ku nufi sashen gaggawa na yara.