Amsa: me za mu yi wa Kaka bayan rasuwarta?

'Yar'uwa, kin ce kakarku ta rasu a Bolari ta haura shekara 90, ita ce ungozomar unguwa kuma a zaurenta mata ke ɗaukar karatu, kina tambaya ko ku buga kalanda da hotonta ko ku yi babban taro. Allah ya jiƙanta da rahama. Ni dai shawarata ku bar kalandar nan, ku riƙe karatun zauren kar ya mutu, ku samo malama kuna biyanta duk wata da niyyar ladan ya kai mata, in kuɗi ya ragu ku haɗa da ruwa tunda kin san yadda Gombe take da rani, har a Bolari mutane na bin 'yan garuwa.

Dalilina shi ne hadisin Muslim, aikin mutum yana yankewa in ya rasu sai sadaka mai gudana, ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a. Amma fa ku naɗa mutum ɗaya tun yanzu ya riƙe kuɗin, don a gidanmu da aka bar wa kowa da kowa bayan sadakar arba'in shiru ka ji, famfo ya lalace babu mai kiran mai gyara.