Tambaya da Amsa: In Nijar hamada ce, daga ina wakenta ke fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar hatsi a Dawanau. Kullum ana cewa Nijar sahara ce, amma ga wake muna saukewa daga Maraɗi da Damagaram. Yaya abin yake? (Mai karatu daga Kurna, Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Duka biyun gaskiya ne. Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne, ta fi Najeriya girma, ba ta da bakin teku, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nata hamada ce. Noman damina ya tattaru ne a siririn yankin kudu da ya bi iyakarmu, daga Dosso zuwa Maraɗi da Damagaram.

Ruwan sama ne ya yi wannan rabo. Iskar da ke ɗauko damshi daga Tekun Atlantika takan hauro arewa a hankali, ta kai maƙurarta a watan Agusta, sannan busasshiyar iskar arewa maso gabas ta koro ta. Duk garin da ya fi nisa da teku, damina takan iso masa a makare, ta kuma tafi da wuri. Gaya, can kan iyakar Benin, na samun kamar milimita 800 a shekara, kusan irin na Kano. Maraɗi wajen 500, Damagaram wajen 400, Agadas ɗari da 'yan kai, Bilma kuwa da ƙyar take ganin 20. Tun 1961 aka yi doka da ta shata inda gona za ta tsaya a arewa, abin da ya wuce nan na makiyaya ne, ko da yake manoma sun daɗe da ƙetare layin.

Shi ya sa gero da wake suka mamaye. Gero mai saurin nuna yakan kai cikin kwana 70 zuwa 90, kuma yana jure ƙasar jigawa mai yashi, inda masara za ta ƙone. Ba ƙarancin ruwa kaɗai ke cin manomi ba, rashin tabbas ɗinsa ya fi ciwo. A yi ruwan shuka, tsiro ya fito, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, iska ta kwaso rairayi ta binne shi, a sake shuka da irin da ya rage.

A nan itatuwa ke da rana. Gawo yakan zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero hasken rana, ganyen kuma ya zama taki. Tun bayan farin 1984 manoman Maraɗi suka koma barin tohon kalgo da sabara da gawo a gona, suna rage rassa maimakon tumɓukewa. In ka nausa arewa, kuka da giginya sukan ragu, a bar aduwa da bagaruwa da goriba, daga nan sai ciyawa, sai rairayin hamadar Tenere.

Tambaya: Ɗana zai tafi aiki Agadas. Wane irin yanayi zai tarar? (Wata uwa daga Gwale)

Amsa: Hajiya, daga Afrilu zuwa Yuni zafin rana kan haura digiri 40, sai ya yawaita shan ruwa tun bai ji ƙishi ba, domin gumi na bushewa nan take. Amma kada a manta da bargo da rigar sanyi: a Disamba da Janairu dare kan sauko wajen digiri 10, a duwatsun Azbin kuwa, inda ƙololuwa ta kai mita 2,022, ya fi haka tsanani. In damina ta kama, kada ya kwana ko ya ajiye mota a cikin busasshiyar korama. Ruwan da ya sauka a kan dutse yakan gangaro ba zato, ko da inda mutum yake ba a yi yayyafi ba. Irin wannan ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Agadas a 2009.