Na kwashe hotuna zuwa filash, sun tsira ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a wuraren biki da suna. Kwamfutata ta cika, shi ya sa nake kwashe hotunan mutane ina zubawa a filash, wasu kuma na mayar da su ɓangaren D, don mai gyara ya ce ko an goge kwamfutar ba za su taɓu ba. Wannan ya wadatar? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya, ɗan'uwa, bai wadatar ba, kuma da so samu ne ka gyara tun a wannan makon, domin hoton biki ba a maimaita shi.

Abin da kake yi sauya wa hotuna mazauni ne kawai. Idan ka kwashe fayil daga kwamfuta ka kai filash, har yanzu guda ɗaya gare ka, sai dai ya koma wurin da ya fi rauni. Filash na faɗuwa daga aljihu, yana ɗauko bairos a shagon buga takardu, kuma lantarkin da yake riƙe bayanai da shi yana yoyo a hankali idan ya yi shekaru a ajiye. Filash ɗan aike ne, a ɗauko nan a kai can.

Maganar mai gyara kuwa rabinta gaskiya ce. Idan an sake ɗora Windows a ɓangaren C, ana iya ƙyale D. To amma a yawancin kwamfutoci C da D faifai ɗaya ne aka raba biyu, kamar ɗaki guda da aka ja masa labule. Ranar da faifan ya mutu, ko wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona na'urar, ko ɓarawo ya ɗauke jakar, tare za su tafi.

Masu wannan aiki suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi 3 na kowane fayil, a kan ma'adana iri 2, sannan 1 daga ciki ya kasance ba a gida ko shago ba. A naka yanayin, na farko shi ne na cikin kwamfuta. Na biyu, ka sayi faifan ajiya na waje mai terabait 1 ko 2. Windows na da File History, Mac na da Time Machine, duka kyauta ne, su za su riƙa yin kwafin da kansu duk lokacin da ka jona faifan. Da sun gama ka cire shi. Wannan ina nanata shi ga kowa, saboda bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa yana bin duk abin da ya tarar a jone. Irinsa ne WannaCry, wanda a watan Mayun 2017 ya shiga ƙasashe kusan 150, har ya tsayar da aiki a wasu asibitocin Ingila.

Na uku shi ne na nesa. Google Drive, ma'adanar fayiloli a intanet, na ba da gigabait 15 kyauta, amma da Gmail da Google Photos ake raba shi, takwaransa OneDrive na Microsoft kuma gigabait 5. Biki ɗaya na iya cinye wannan, ga tsadar data. Shawarata, ka ɗora zaɓaɓɓun hotunan da ka riga ka gyara kawai, sauran ka sa su a wani faifan waje na daban ka kai gidan iyaye ko na wani amintacce, kana sabunta shi duk wata. Ka kuma kula: idan folda tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Drive, abin da ka goge a nan zai goge a can, kuma kwandon sharar kwana 30 kawai yake riƙewa. Sannan Google na iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Sai taskance tsofaffin ayyuka, waɗanda ka gama da su amma amarya na iya dawowa nema bayan shekara biyar. Su ne za ka iya fitarwa daga kwamfuta don samun fili, da sharaɗin suna kan faifai biyu. A nan na fi son faifai mai juyawa, HDD, a kan SSD, wato faifai marar juyawa: ya fi araha, kuma ya fi jure dogon zama babu wuta, sai dai ba ya son faɗuwa, da zafi, da ƙurar hunturu. Sunan folda ya fara da kwanan wata, misali 2024-12-21 Biki Tudun Wada, su jera kansu.

Duk bayan wata uku ka jona faifan, ka buɗe hotuna goma daga foldoji daban-daban ka ga ko suna buɗewa. Faifan da ya kai shekara biyar, ko ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa shi, ka kwafe abin da ke ciki zuwa sabo tun yana amsawa.