Falet Sun Cika Min Sito: Na Waye, Kuma Wa Zai Biya Kuɗin Kwashe Su?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan kasuwa ne a Singa, a Kano, ina sarin kayan masarufi. Idan tirela ta kawo kaya, takan sauke su ne a kan katakon nan da ake jera katan a kai, wato falet. Yanzu sun taru sun cinye min wuri a sito, ga tsadar haya a tsakiyar gari. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu sun kakkarye. Masu kura sai an biya su kafin su kwashe, bayan kuɗin shara da muke biya. Yarana sun ce mu riƙa fitar da su da dare mu jingine a bakin titi, kafin gari ya waye 'yan bola jari sun yi gaba da su. Na kuma gano ɗaya daga cikin yaran yana sayar wa kafintoci yana soke kuɗin a aljihu. Ya halatta in sayar da su? Fitar da su bakin titi fa? Mene ne hukuncin kuɗin da yaron ya ci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, kafin maganar sayarwa ko zubarwa akwai tambayar da ba ka yi ba, kuma a kanta komai ya rataya: katakon nan naka ne? Ba duk abin da aka sauke a ƙofar sitonka ba ne ya shiga mulkinka. Mazubin kaya yana bin sharaɗin da aka yi wajen ciniki, in ba a yi sharaɗi ba sai a koma ga al'adar kasuwa, domin malamai sun ce al'ada abar hukuntarwa ce. Kowa ya san wanda ya sari lemon kwalba ruwan ya saya, kiret da kwalabe na kamfani ne, za a dawo a karɓa. To haka falet yake. Akwai wanda kuɗinsa ya riga ya shiga cikin farashin kaya, ba mai waiwayarsa. Wannan naka ne. Akwai kuma wanda aka rubuta a takardar kaya cewa za a mayar, ko aka riƙe maka kuɗi a kansa, ko yake ɗauke da fenti da tambarin masu shi. Masu shuɗin fenti na kamfanin CHEP, alal misali, a ƙasashen da yake aiki haya yake bayar da su, ba ya sayarwa. Irin wannan amana ce a hannunka. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 58, lallai Allah yana umartarku da ku mayar da amanoni ga masu su. Kuma an ruwaito a cikin littattafan hadisi na Sunan daga Samura ɗan Jundub cewa abin da hannu ya karɓa yana wuyansa har sai ya mayar da shi.

A nan mazhabarmu ta Malikiyya tana da bambancewa mai amfani. Idan ajiya aka bar maka, ba ka biya in ya lalace sai in ka yi sakaci, kamar ka bar shi a waje ruwan Agusta ya jiƙa shi ya ruɓe alhali kana da inda za ka sa shi. Idan kuwa aro ne, kai kake amfana da shi kana jera kayanka a kai, to yana cikin abin da ake iya ɓoyewa, saboda haka in ka ce ya ɓata sai ka kawo shaida, in ba haka ba ka biya. Wanda kuma ya sayar da gangan, ko ajiya ce ko aro, ya yi ta'adi, ramuwa ta hau kansa. Kada ka ce ai sun riƙe kuɗina, mun yi daidai. Kuɗin da aka riƙe jingina ce don a dawo da kaya, ba farashi ba ne, sai dai in kamfanin da bakinsa ya ce ka zaɓa, ko ka mayar ko ka bar musu kuɗin.

Na san me za ka ce: ana kiransu ba sa zuwa. Wannan ƙorafi ne mai tushe, domin sitonka ba na aro ba ne, haya kake biya. Ka sanar da su a rubuce, ka sa musu wa'adi, ka kafa shaidu. In suka yi biris, ka kai maganar ga shugabannin kasuwa ko alƙali, a yanke ko su kwashe, ko su sallama maka, ko su biya kuɗin wuri. Abin da ba ka da shi shi ne ka zama kai ne mai ƙara kai ne alƙali.

Wanda ya tabbata naka ne, sayar da shi halal ne, ya ma fi zubarwa nesa ba kusa ba, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah yana ƙin tozarta dukiya. Kafinta zai ɓalle ƙusoshin ya fitar da benci, da teburin mai shayi, da akurkin kaji. Amma ka kula da abu biyu. Masu lafiya a ƙirga su a yi musu kuɗi, domin a wurinmu abin da ake iya ƙirgawa ba wahala, kuma kowane ɗaya ake nufi da kansa, ba a sayar da shi a tsibi da ka. Kakkaryayyun da suka zama itace su ne ake tarawa mai saye ya gani da idonsa a yi ciniki. Sannan kada a tura ruɓaɓɓe tsakiya a rufe da mai kyau. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu.

Akwai aibin da ido ba ya gani. Falet ɗin da ya shigo da kayan waje yakan zo da hatimi a gefensa, bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISPM 15 da aka kafa a 2002 don hana ƙwari ƙetare iyaka. In ka ga HT, da zafi aka gasa katakon. In ka ga MB, maganin kashe ƙwari mai guba aka turara masa. Wannan, da wanda ka san fenti ko maganin feshi ya zube a kai, kada ka miƙa wa mai suya ko mai tuyar ƙosai a matsayin makamashi. In ka sayar wa wani, ka faɗa masa. Bayyana aibi wajibi ne ko ba a tambaye ka ba.

Shawarar yaranka kuwa ba ta halatta ba, kuma zaɓen dare da suka yi ya isa ya nuna sun san haka. Titi ba naka ba ne, haƙƙin jama'a ne. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri, cikin haƙƙoƙin hanya da Annabi ya lissafa akwai kame cuta. Ya kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, to ina ga mai ɗora shi? Ɗan bola jari zai zaɓi mai kyau ne ya bar maka tarkace. Abin da ya rage, ga ƙusa a tsaye tana jiran ƙafar ɗan dako mai silifas da buhu a ka, ga guntaye suna gangarawa kwata su tare leda da robobi, ruwan farko na damina ya shiga shagon maƙwabcinka. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa babu cuta babu cutarwa. Ƙona su a lungun kasuwa ya ma fi muni. Wanda ya ga abin da gobara ta yi wa kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba sai an yi masa wa'azi a kan wuta kusa da shaguna ba.

Saboda haka kuɗin kwashewa a kanka yake. Kai ka ci ribar kayan da suka zo a kan katakon, kuma ƙa'ida ita ce wanda ya ci riba shi ke ɗaukar ɗawainiya. Ka sa shi cikin lissafin kasuwanci kamar yadda kake sa kuɗin dako da na haya. Ya halatta ka ce wa mai kura ya kwashe duka, ladansa shi ne masu lafiya guda kaza, muddin ya gan su an san adadinsu, domin lada a ijara, wato ɗaukar mutum aiki, ba dole sai kuɗi ba, dole dai a san shi. Sai dai ka tambaye shi inda zai kai. In ka san a lambatu ko a rafin Jakara zai juye, biyansa bai wanke ka ba, kun yi tarayya, kuma Suratul Ma'ida aya ta 2 ta hana taimakekeniya a kan zunubi.

Kuɗin shara da hukuma irin REMASAB ko ƙungiyar kasuwa ke karɓa, ina jin wasu suna kiransa harajin zalunci. Ban yarda ba. In ana karɓa ana kwashewa, ladan aiki ne, kuma bin shugabanni a abin da ke maslahar jama'a wajibi ne. Ka karɓi rasit. In an karɓa ba a yi aikin ba, zunubin yana kan wanda ya ci, kana da haƙƙin kai kuka, amma hakan bai mayar da titi juji ba.

Yaronka ya ci abin da ba a ba shi ba, sai dai in dama al'adar shagonka ce ana bar wa yara irin wannan, ko ka gani tuntuni ka yi shiru har ya ɗauka izini ne. In daga naka ya sayar, kana iya karɓar kuɗin, kana iya yafewa, kuma ni yafiyar nake ba ka shawara, tare da ka duba ko abin da kake ba shi yana isarsa. In daga na kamfani ya sayar, yafiyarka ba ta shiga nan ba, sai an mayar da irinsu ko an biya ƙimarsu. Daga yau ka ware na amana gefe guda ka sa musu alama, kakkaryayyun da suke naka kuma ka fito fili ka ce wa yaran nasu ne.

Allah ne mafi sani.