Lauya Ya Amsa: Idan An Makara Zuwa Kotu

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara bakwai ke nan da na ba wani ɗan kasuwa atamfofi bashi a kasuwar Kejetiya, har yau bai gama biya ba. Mun yi ta zaman sulhu gaban liman da dattawan unguwa. Yanzu an ce mini lokacin kai ƙara ya wuce. Alƙali ba zai dubi uzurina ba? Daga wata Hajiya, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Dokar wa'adin shigar da ƙara ta Gana, mai lamba NRCD 54 ta 1972, ta ba mai bin bashin ciniki shekara 6, daga ranar da ya kamata a biya shi. Rikicin fili shekara 12 ne, diyyar raunin da aka ji a hatsari kuma shekara 3. Wannan wa'adi ba a hannun alƙali yake ba. Muddin wanda ake ƙara ya ambace shi a takardar kare kansa, rashin kuɗin lauya ko doguwar tafiya ba za su ceci ƙarar ba. Zaman sulhu ma ba ya tsayar da ƙirge, kuma a nan ne mutanenmu na Zango suka fi yin asara, saboda kunya da kara sukan hana mu neman a rubuta abin da aka yi alkawari.

Amma kin ce bai gama biya ba, wato ya taɓa biyan wani abu. Yaushe ne na ƙarshe? In wanda ake bi bashi ya biya wani ɓangare kafin wa'adi ya cika, ko ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, ƙirgen shekara 6 yakan faro sabo daga ranar. Ko sidi 200 ya turo ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar hannu, shekara biyu da suka wuce, ki nemo shaidar, ki haɗa da littafin bashinki da duk wata takarda da aka rubuta gaban liman. Amsawa da baki kawai ba ta wadatar ba. Doka ta kuma sassauta wa wanda aka zambata aka ɓoye masa, da ƙaramin yaro, da mai taɓin hankali.

Tambaya: Babbar Kotu ta yanke mini hukuncin da ban gamsu da shi ba wata huɗu da suka wuce, ina kwance a asibiti. Zan iya ɗaukaka ƙara? Daga wani Malam, Asawase.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Naka akwai hanya, amma ka hanzarta. Ƙa'idojin Kotun Ɗaukaka Ƙara, masu lamba C.I. 19 na 1997, sun ba da wata 3 daga ranar hukuncin ƙarshe, sai wasu wata 3 da za a iya roƙon ƙarin lokaci a cikinsu. Lauyanka zai shigar da roƙon tare da takardar rantsuwa mai nuna abu biyu: dalili mai ƙarfi na jinkirin, da kuskuren da kake gani a hukuncin. Ka manna takardar kwantarwa da ta sallama daga asibiti, ranakunsu su rufe duk lokacin da aka ɓata, domin giɓin da ba a yi bayaninsa ba shi lauyan ɗaya ɓangaren zai kama. In wata 6 suka cika ba ka shigar da roƙon ba, kotu ba ta da hurumin saurarenka. In ba ka da halin ɗaukar lauya, ka je ofishin Hukumar Taimakon Shari'a na Kumasi cikin makon nan.